Tsamiya Biyar Marasa Lamba

Bari in fara da tuna wa masu karatu inda aka tsaya, saboda waɗanda suka shigo yau, da kuma waɗanda suka karanta na baya amma rabin hankalinsu yana kan tukunya. Ni ce auta a cikin mu huɗu. Shekaruna ashirin da shida, wanda a wurin Umma yake nufin talatin saura 'yan kwanaki. Ina aiki a ɗakin kati na wani asibiti, in fito da fayil in mayar da fayil, daga takwas zuwa huɗu. Akwai mai nemana. Safiyo ne, aikinsa awon filaye da zana taswira, ko da yake Umma ta ƙara masa girma zuwa Injiniya tun ranar da ta ga hotonsa da hular kwano. Mahaifiyarsa, Hajiya, wadda ta yi shekara talatin tana shugabantar makarantar 'yan mata, ta aiko cewa za ta zo ganin gidanmu ranar Lahadi da la'asar. An ce ba ta taɓa sa hannu a takarda ba sai ta juya ta karanta bayanta.

Gidanmu kuwa yana da bayan takarda.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, leburan tsohon lambun birni ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana jan tiyo, yana tura baro, yana dawowa gida da laka har gwiwa. Abokan aikinsa Mai Tiyo suke kiransa. Ya rasu ina da shekara tara. Kawu, wan Umma, shi ya kwashe mu zuwa unguwarsu, kuma da yake mutumin ofis ne, shi ya tsara mana jimlar da muke rayuwa a cikinta har yau: marigayin babban ma'aikaci ne a sashen kula da kadarorin birni. Kawu ya ce babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Bishiya kadara ce, kuma mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa ba za a kira shi ƙarami ba. Da wannan jimla aka aurar da yayyena biyu, da ita Yayanmu namiji ya sami mata, kuma da ita aka amsa wa Safiyo ranar da ya tambaya. Ni aka sa na faɗa, na kuwa faɗa ba tare da na yi tuntuɓe ba. Ku rubuta wannan a cikin laifuffukana.

Ranar Juma'a da yamma muna falo ana shirin Lahadi. An wanke labule, an sauya rigunan kujeru, Umma ta fito da kofunan da muke ganinsu ta gilashin kabet tun muna yara ba mu taɓa sanin nauyinsu ba. Hoton Baba na bango, wanda ya ɗauka da kwat ɗin aro a gidan mai hoto, an goge shi sau biyu. Ina kan kujera ina sa ƙugiyoyin labule sai wayata ta yi ƙara. Safiyo yana rubuta saƙo kamar wasiƙar neman aiki, da waƙafi da aya, ba ya gutsure kalma.

"Assalamu alaikum. Idan an ba ki izini, ina so in kai ki wani wuri gobe da ƙarfe uku. Akwai abin da ya shekara biyu yana damuna, ina so ki gani. Tsohon lambun birni ne. Ki sa takalmi marar tsini."

Na karanta a fili, don a gidanmu saƙon mai nema dukiyar jama'a ce. Umma ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali, kamar wadda aka ce mata yana da rai.

"Ba ki taɓa zuwa wurin nan ba," in ji ta.

"Umma, na taɓa. Kowace Asabar ma."

"Kin manta. Yaro yana mantuwa."

Aka kira Kawu a waya. Ya yi gyaran murya irin ta taro, ya yanke cewa ƙin zuwa zai jawo tambaya, tambaya kuma ita ce abin da ba ma so. In je, in yi mamakin komai kamar baƙuwa, kada in gaisa da kowa da ya haura shekara hamsin, kuma Yaya, ƙaramar cikin yayyena mata biyu, ta raka ni. Umma ta ƙara da cewa in bar hannuwana a cikin mayafi, don ta san halina da tsinke busasshen ganye a tukunyar furen mutane.

Na shiga kicin shan ruwa, na tsaya ina kallon tulun gilashin da ke saman kantar kwanuka. Tsamiya ce a ciki. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya sauka zuwa rabi ba, ban kuma taɓa ganin an aiki kowa sayenta ba. Na taɓa tambaya, Umma ta ce albarka ce. A gidanmu akwai abubuwa biyu da ba a bincike: wannan tulun, da ƙawar Umma da take zuwa dubawa kowace Alhamis da safe, wadda ta shekara goma sha bakwai tana jinya, ba ta warke ba, ba ta kuma mutu ba.

Ranar Asabar Umma ce ta zaɓa min kaya: doguwar riga ruwan zuma mai ƙananan maɓallai a hannu, farin mayafi, da fararen takalma marasa tsini, waɗanda a ganinta suke nuna yarinyar da ba ta san ƙasa ba. Yaya kuwa ta zo da takalmi mai tsinin da za a iya huda kati da shi. Na ce mata an ce marar tsini. Ta ce ai ta ji, shi ya sa. Muna shiga ƙofar lambun ta hango rumfar mai shayi, ta dafe ƙugu, ta sanar cewa ƙafarta ba za ta kai ta ko'ina ba, mu je Allah ya kiyaye, tana ganinmu daga nan. Ta zauna ta juya wa bishiyoyin baya. Ita ta yi shekara goma sha biyar lokacin rasuwar, tana da abin mantawa fiye da ni.

Safiyo yana sanye da riga mai aljihu huɗu, kowanne da abin da aka ajiye a ciki: biro, ƙaramin littafi, tef ɗin awo, da nannaɗaɗɗiyar takarda. Na lura cewa ya yi aski. Shi kuma ya lura da takalmana, ya ce sun yi kyau, amma farare ne. Ban san ko yabo ba ne ko rahoto.

Zan faɗa muku gaskiya, tsoro na zo da shi, amma ina taka ƙofar sai son gani ya ture shi gefe. Ina so in san me ya rage. Ƙofar ƙarfen nan mai zanen ganye tana nan, an shafe ta da koren fenti har ganyen ya yi ƙiba. Hasumiyar agogo tana nan, agogon yana kan goma sha ɗaya saura kwata, inda na bar shi. Kwarmin ruwan da nake ɗauka kogi ne, ashe taku goma ne faɗinsa, kuma babu ruwan. Komai ya ƙanƙance sai bishiyoyi, su kaɗai ne suka girma fiye da yadda na tuna. Ƙanshin ma bai canja ba: jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruɓaɓɓen ganye, da wani fure mai warin sabulu da nake rasa ta inda yake fitowa tun ina yarinya.

Ya ba ni tarihin wurin muna tafe. An kafa shi fiye da shekara ɗari, waɗanda suka kafa shi sun tattaro iri daga ƙasashe masu nisa, kuma sun bar doka guda da ba a taɓa karyawa ba: duk abin da aka dasa sai an rataya masa ƙaramin allon ƙarfe mai suna da lamba, lambar kuma sai ta dace da ta babban littafin ofis. Shekara biyu da suka wuce hukuma ta ba shi aikin sabunta taswirar lambun, ya bi bishiya dubu ɗaya da ɗari uku da wani abu, ɗaya bayan ɗaya, yana duba allo yana duba littafi. Yana faɗa idonsa yana haske. Ni da nake kwana ina tashi da lambar kati, na fahimce shi fiye da yadda ya kamata budurwa ta nuna.

Na yi ƙoƙarin cika umarnin Kawu. Na yi mamakin dogayen bishiyoyin dabinon ado, na yi mamakin gora da ke kuka idan iska ta taɓa ta. Sai na wuce gona da iri, na nuna wata bishiya na ce wannan kuma daga wace ƙasa aka kawo ta.

Ya dube ta, ya dube ni. "Gwaiba ce."

Na ce ai na gani, gwada shi nake yi.

A ɗakin gilashi zafi ya rufe mu kamar bargo. Akwai tsirrai masu ƙaya da suka yi kama da mutanen da ke jiran likita, akwai masu ganye kamar faranti, akwai wani da yake rufe bakinsa idan ƙuda ya sauka. Wannan kam ban san shi ba, sabo ne, na tsaya a kansa har Safiyo ya duba agogo. Na tambaye shi ko tsiron yana bambanta ƙuda da tsinke. Ya ce bai sani ba, ya ciro littafinsa ya rubuta tambayar. Namijin da zai ce bai sani ba, ya kuma rubuta, ba kullum ake samunsa ba, 'yan uwa. Hannuwana suna cikin mayafi, kamar yadda aka umarta, ko da yake na ga busassun ganye guda shida da suke roƙona.

Ta ƙofar baya muka fita, kuma nan ne ƙafata ta dama ta nutse a laka har idon sawu. Farin takalmin da Umma ta zaɓa ya koma launin shayi. Safiyo ya shiga laluben aljihunansa huɗu yana neman abin gogewa. Ni kuwa ban tsaya tunani ba. Na zagaya bayan shingen da ke hagu, na sunkuya ƙarƙashin reshen da ya rufe hanya, na kai hannu ga famfon da ke maƙale a gindin bango, na danna kansa ƙasa da tafin hannu, na murɗa shi baya kaɗan, sannan gaba. Ruwa ya zubo. Na wanke takalmin tas, na wanke ƙafa, na rufe famfon, na ƙara masa rabin murɗi don kada ya ɗiga, yadda aka koya min.

Da na ɗago yana tsaye a bakin shingen da hankici a hannu. Ba a ganin famfon nan daga hanya. Ban tuna da haka ba sai da na ga fuskarsa.

Ya ninke hankicin ya mayar aljihu na uku, ya ce saura kaɗan mu isa.

Wurin yana can ƙarshen lambun, inda baƙi ba sa zuwa, bayan tarin takin ganye da rumfar ajiye baro. Ƙafafuna sun san hanyar, sai da na riƙa rage sauri don kada in riga shi. Muka fito wani fili mai inuwa, ya tsaya, ya buɗe nannaɗaɗɗiyar takardarsa.

Tsamiyoyi ne a jere, sun bi layi kamar 'yan makaranta, daga babba zuwa ƙarama. Ya ce in duba jikinsu. Babu allo, babu lamba, babu ko ramin ƙusa. Ba sa cikin littafi, ba sa cikin tsohuwar taswira, ba sa cikin kowane fayil. Ya rubuta wa ofis sau uku, ofis ya amsa sau ɗaya cewa ana duba lamarin. Ya auna tsakaninsu: taku bakwai-bakwai, na mutum mai doguwar ƙafa. Ya auna kaurinsu, ya gano ba shekara ɗaya aka dasa su ba, akwai tazarar shekara biyu, uku, har huɗu. Sannan ya durƙusa a gindin ta ƙarshe, ya share ganye, ya ɗaga wani faffaɗan dutse. A ƙarƙashinsa bakin tulu ne na ƙasa, an binne shi har wuya, saiwa ta tsaga shi ta rungume.

Ya ce kowacce tana da irinsa. Wanda ya dasa su yakan huda tulun da ƙusa, ya binne kusa da dashen, ya cika shi da ruwa ya rufe, ruwan ya riƙa tsattsafowa a hankali har mako. Babu inda aka yi haka a duk lambun sai nan. Wannan aikin mutumin da ba shi da izinin zuwa kullum ne, in ji shi, amma ba ya so su ji ƙishi.

Ni na riƙe dutsen nan da hannu biyu ina da shekara shida, Baba yana zuba ruwa, yana ce min wannan ke ce, ki gaishe ta. Yanzu ta fi gidanmu tsawo. Na ɗaga kai ina kallon rassanta har mayafina ya zame, na ji ina son sanin abubuwan da ba su da amfani: ko ta san ni, ko 'ya'yanta suna da tsami sosai, wa yake kwashe su.

Ƙarar almakashi ta sa na waiwaya. Wani tsoho ne ya fito daga bayan rumfar, da ƙaton almakashin aske shinge a kafaɗa. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, amma na gane kunnensa na hagu da ƙaya ta taɓa tsagawa. Baba Mai Almakashi, abokin Baba, wanda yake ɗora ni a baro ya zagaya da ni. Ya haura hamsin da nisa, don haka yana cikin waɗanda Kawu ya haramta. Ya dube ni. Na ga lokacin da ya gane, don almakashin ya sauko daga kafaɗarsa. Sai ya mayar da shi, ya ce sannu da zuwa baiwar Allah, kamar yadda ake ce wa kowa.

Safiyo ya gaishe shi da ladabi, ya ce ya sake dawowa da tambayar nan tasa.

"Ai na faɗa maka, ɗana. Iska ce ta kawo su."

"A layi, Baba? Taku bakwai-bakwai?"

"Iskar da can tana da tsari."

"Har da tulu?"

Tsohon ya ce shi dai shinge aka ɗauke shi askewa.

Safiyo ya nannaɗe takardarsa. Ya juyo gare ni, ya yi bayani a natse, ba tare da ya kalli idona ba. Ranar Litinin zai miƙa taswirar, ya ja lokaci iyakar yadda zai iya. Hukuma za ta gina sabuwar katanga ta wannan gefen. Bishiyar da ke da lamba, katanga ce take kauce mata. Wadda ba ta da lamba ana rubuta ta a matsayin abin da ya fito da kansa, ita kuma ba a kauce mata. Littafin yana da gurbi guda da zai cece su: sunan wanda ya dasa, da shaidar mutum ɗaya da ya sani. Ba a buƙatar fiye da haka. Shekara biyu yana neman mutum ɗaya.

Na dubi Baba Mai Almakashi. Yana kallon ƙasa, muƙamuƙinsa yana motsi. Na gane cewa an sa shi alkawari ne, kuma na san mai sa mutane irin wannan alkawarin, don ita ta haife ni.

Masu karatu, na san wasunku za su ce in yi shiru, in auri mutumin, bayan an haifi na biyu in ba shi labari yana dariya. Na yi wannan tunanin, har na ga labulen falon da zan saya. Na tuna kofunan Umma a jere, da Hajiya mai karanta bayan takarda, da surukan yayyena da suka shekara suna gaishe da hoton mai kwat. Amma a ɗakin kati na koyi abu guda: wanda ba shi da fayil, ko yana tsaye a gabanka yana numfashi, ba ya nan. Sau nawa na faɗa wa mutane haka ta taga, ina ba su haƙuri.

Na fito da hannuwana daga cikin mayafi.

"Ciro littafinka," na ce. "Babana ne ya dasa su. Ba babban ma'aikaci ba ne. Lebura ne a nan, shi yake ba da ruwa. Duk haihuwa yakan dasa ɗaya. Wannan ta ƙarshen ni ce."

Ya ciro littafin. Ya tambayi sunan, na faɗa masa cikakke har da na kakana, karo na farko cikin shekara goma sha bakwai da na faɗe shi ba tare da jimlar Kawu tana biye ba. Ya rubuta, ya karanta min, ya tambaya ko daidai ne. Na tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce bai sani ba, ya dai fara zato a famfo, don shi wata shida ya yi kafin ya gano yadda ake buɗe shi, kuma sai da aka nuna masa.

Sai ya ɗaga biro. "Kin ce ku huɗu ne."

"Mu huɗu."

"Bishiyoyin biyar ne."

Na ƙirga. Tawa, ta Yayanmu, ta Yaya, ta babbar Yaya. Can a farkon layin kuma akwai wata da ta fi su duka kauri, inuwarta ta rufe rabin filin, wadda a yarinta na ɗauka ta hukuma ce saboda girmanta. A cikin daƙiƙa biyu na haifa wa Baba ɗa a wata unguwa, na yi masa kamanni, har na fara jin haushinsa.

Baba Mai Almakashi ya yi dariya marar sauti, ya goge ido da bayan hannu. Ya ce tunda Auta ta buɗe, shi alkawarinsa ya sauka. Waccan ita ce ta farko, an dasa ta a makon da aka kawo wa Baba amarya. Ya ce mai ita tana zuwa kowace Alhamis da safe ta ƙofar ma'aikata, ta share gindinsu duka biyar, ta zauna kaɗan, idan lokacin 'ya'ya ne ta tsinci na ƙasa ta ƙulle a mayafi. Ba ta taɓa fashi ba, ko da ruwa ko da rana.

"Shekaranjiya ma tana nan. Ta ce min za a zo ganin gida."

Ashe ƙawar da ba ta warkewa ke nan. Na yi niyyar dariya, abin da ya fito daban ne, sai da Safiyo ya sake ciro hankicin nan daga aljihu na uku.

A hanyar komawa ƙofa bai yi min alkawarin komai ba, kuma na gode masa da hakan. Ya ce bishiyoyin za su sami lamba ranar Litinin, wannan a hannunsa yake. Ya ce zai faɗa wa Hajiya yau, duka, har da jimlar da aka fara ba shi, don bai taɓa ɓoye mata abu ya kwana ba tare da ta gano ba. Abin da za ta ce kuwa bai sani ba. Wannan karon bai rubuta ba.

Yaya tana ganin fuskata da tsamiya guda da na tsinto a hannuna ta ajiye kofin shayi. A mota ta ce na kashe mu, ta ce surukarta za ta ji kafin Talata, ta ce dama tun ina ƙarama bakina ba shi da marfi. Muka wuce gidan mai biyu. Sannan, tana kallon taga, ta tambaya ko tata tana nan. Na ce tana nan, ta ɗan karkace hagu, kamar mai ita. Ta make ni a cinya ba tare da ta juyo ba.

Mun isa gida rana ba ta faɗi ba. Umma tana falo, an rataya labulen, kofuna suna jere a kan tire an rufe su da farin ƙyalle. Idonta ya fara sauka kan takalmina, ɗaya fari, ɗaya ya fi shi tsabta amma jiƙaƙƙe. Ta tambaya me na faɗa masa. Yaya ta tuna cewa tana da abin yi a kicin.

Na durƙusa, na ajiye tsamiyar a cinyarta.

Ta daɗe tana kallonta. Na shirya wa faɗa, na shirya wa kuka, na shirya wa a kira Kawu. Ta ɗauka, ta juya ta, ta fasa ɓawon da farce, ta kai hanci.

"Wannan ta Yayanku ce," in ji ta. "Tawa ta fi tsawo, kuma ba ta kai wannan tsami ba."

Wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Na ciro, na karanta a fili, bisa dokar gida.

"Assalamu alaikum. Na faɗa wa Hajiya. Ta saurara har ƙarshe, ba ta ce komai a kai ba. Ta ce in sanar da ku ba za ta zo gidanku gobe ba. Ta ce a haɗu a lambun da ƙarfe huɗu, a gindin bishiyoyin, kuma tana so Umma ce za ta nuna mata su da kanta."

Na karanta sau biyu, ina neman inda hukuncin yake, ban samu ba. Matar ta juya takardar ke nan, tana so ta karanta bayan da idonta.

Umma ta dubi labulen da muka kwana biyu muna wahala a kansa, ta dubi kofunan, ta dubi hoton mai kwat a bango. Na tambaya ko in kira Kawu. Ta ce in bar Kawu ya huta, ya yi aiki da yawa. Ta miƙe, tsamiyar tana dunƙule a hannunta, ta ce in mayar da kofunan kabet, in goge mata shuɗin mayafinta. Ta kai ƙofar ɗaki ta tsaya.

"Ki rubuta masa ya faɗa wa Hajiya kada ta sa farin takalmi. Bayan ɗakin gilashi akwai laka."